Yaya, a Nan Har Ƙasar Shuka Sayenta Ake Yi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Umma da yara. Ka tambayi yadda na ƙare da ɗan filin ƙofar gidanmu na Luton a Ingila, wanda ciyawa ta hana ni sakat. To, ga labari.

Bara a watan Agusta mun je Sukotland, na ga tsaunuka sun rine da launin shunayya iya ganin ido. Wani gajeren tsiro ne da suke kira heda, da ƙyar yake kaiwa gwiwa, ganyensa ƙanana, kuma ba ya kaɗewa ko a tsakiyar hunturu. In ya haɗe yakan rufe ƙasa ruf, ciyawa ta rasa ta inda za ta leƙo. Na ce na samu magani.

Da muka dawo na nufi wani katafaren shagon shuke-shuke. Kowace tukunya da 'yar takardarta: suna, tsayi, watan fure, irin ƙasar da take so. Fam 3 kowace, na kwashi 12. Ba ciniki, ba gyara, yarinyar ta haska na'ura ta ce in sa kati. Ni kuwa ban karanta takardar ba. Ka tuna masu furannin bakin titi a Kaduna, da shukokinsu cikin baƙar leda? Kafin ka zaro kuɗi sun tambaye ka inda za ka dasa, ko rana na dukan wurin, har su ɗora maka ɗaya kyauta. A nan in ba ka yi tambaya ba, ba mai ce maka uffan.

Kafin sanyi ya wuce duk sun yi rawaya sun bushe. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce irin da na sayo, Calluna vulgaris, ƙasa mai tsami yake so, Luton kuwa a kan alli take zaune. Ta ce in duba butar shayina. Wallahi cikinta fari fat, allin da ke cikin ruwan famfo ya yi ɓawo. Ashe da wannan ruwan nake ta yi musu ban-ruwa.

Abin da zan yaba musu shi ne, da na kai matattun shukokin da rasit, aka canza mini ba musu. A gida kaya in ya bar gaban mai shi, sai dai haƙuri. Na karɓi wata irin heda, Erica carnea, wadda ke jure ƙasar alli, tana fure daga Janairu zuwa Afrilu, na jera su da tazarar santimita 40. Fure na wucewa sai a yi musu aski sama-sama, kada almakashi ya kai tsohon ice, don ba ya sake tohowa. Na kuma karɓi sabbin Calluna uku na sa a tukwane, na sayo musu buhun ƙasa mai tsami na lita 50, ina tara musu ruwan sama a duro. Ni da na taso ana kawo mana taki a amalanke, yau ni ne a layi rungume da buhun ƙasa!

Algus ma akwai. Da kaka za ka ga heda shuɗi da ruwan lemo a kantuna, fenti ne aka fesa.

Kada ka ce in aiko da iri, zafin Afrilu na Kaduna ba zai bar shi ya yi mako ba. Ka ce wa Umma yajin ya kusa ƙarewa.