Gargaɗi: masu sayar wa 'yan gudun hijira "gurbin Kanada" ɓarayi ne

Jama'a, da ɓacin rai nake rubuta wannan. Akwai wani matashi ɗan ƙabilar Hazara da muka saba ta intanet, nakan taya shi gyara wasiƙun da yake aikawa neman wanda zai ɗauki nauyinsa zuwa Kanada. An damfare shi dala 2,500, kuɗin da yayarsa ta sayar da zinaren aurenta ta turo masa. Ba zan faɗi sunansa ba. Yadda aka yi masa kuwa sai na faɗa, don tarkon na nan a ɗane, kuma ba Hazarawa kaɗai yake kamawa ba.

Sai ka san halin da mutanen nan suke ciki kafin ka gane me ya sa mai hankali zai faɗa. Hazarawa mutanen tsakiyar Afganistan ne, yankin Bamiyan da Daikundi da Gazni, akasarinsu 'yan Shi'a. Tun zamanin Sarki Abdur Rahman Khan, a shekarun 1890, aka karkashe su, aka bautar da wasu, aka ƙwace gonakinsu. A Agustan 1998 Taliban ta yi musu kisan kiyashi a Mazar-i-Sharif. A unguwarsu ta Dasht-e-Barchi a Kabul an kai hari asibitin haihuwa a Mayun 2020, an tayar da bam a ƙofar makarantar Sayed al-Shuhada a Mayun 2021 daidai lokacin tashin 'yan mata. Waɗanda suka tsallaka Kweta ta Pakistan ma bam ya bi su can.

Shi abokina ya isa Indonesiya a ƙarshen 2014, yana ɗan shekara 17, da niyyar wucewa Ostareliya. Ashe ƙofar ta rufe kafin ya iso: Ostareliya ta ce duk wanda ya yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, a Indonesiya daga 1 ga Yulin 2014 ba za ta ɗauke shi ba. Indonesiya kuma ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka ba shi da izinin aiki. Ba gaba, ba baya. Mutumin da ya shafe shekara goma a haka, ko takobi ka miƙa masa zai kama.

A 2025 ya sa labarinsa da hotonsa a Facebook yana roƙon mai ɗaukar nauyi. Sai wani ya bi shi ta Messenger, da harshensu na gida ya yi masa magana, ya ce yana Toronto, suna da rukunin mutum biyar masu ɗaukar nauyin ɗan gudun hijira, wanda za su ɗauka ya fasa, gurbi ya samu. Daga nan suka koma WhatsApp. Ya turo takardu masu tambarin gwamnatin Kanada, ya nemi hoton katin UNHCR da takardar shaidar ɗan ƙasa. Da farko dala 500, wai kuɗin buɗe fayil. Bayan wata guda dala 2,000, wai za a zuba a asusu ne gwamnati ta gani, idan ya sauka a mayar masa. Ya ce a tura ta hannun 'yan canji, kada a gaya wa kowa don kada mahassada su ɓata. Kuɗi na shiga, ya toshe shi.

Abin da ya sa ƙaryar ta shiga shi ne an gauraya ta da gaskiya. Shirin ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira na masu zaman kansu a Kanada gaskiya ne, tun 1979 ake yinsa. Rukunin mutum biyar, da ake kira G5, shi ma gaskiya ne: 'yan ƙasa ko masu takardar zaman dindindin su biyar, su yi alkawarin gida da abinci da sutura na shekara guda, su kuma nuna wa gwamnati suna da kuɗin. Amma daga aljihun masu ɗaukar nauyi kuɗin ke fitowa, ko daga gudummawar jama'a. Ƙa'ida ta hana su karɓar ko sisi daga ɗan gudun hijirar, kuma gwamnati ba ta cajin kuɗin shigar da wannan buƙata. Ke nan ko da mutumin yana Toronto da gaske, biyan kuɗin zai iya jawo a yi watsi da fayil ɗin gaba ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tun 29 ga Nuwamban 2024 Kanada ta dakatar da karɓar sabbin buƙatu daga rukunin mutum biyar. Ranar da ake sayar masa da gurbi, ƙofar a garƙame take. Shirin Amurka mai kama da shi, Welcome Corps, wanda aka buɗe a 2023, shi ma ya tsaya a farkon 2025. Ƙungiyoyin da ke da yarjejeniyar ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira da gwamnatin Kanada kuwa sunayensu na shafin canada.ca, kuma kowace shekara gurabensu ƙayyadaddu ne. Wanda ya ce yana aiki da ɗaya daga ciki, ka nemo adireshin ƙungiyar a can da kanka ka tambaye su, kada ka bi lambar da ya ba ka. UNHCR kuwa ba ta karɓar kuɗi a kan komai, daga rajista har sake tsugunar da mutum a wata ƙasa.

Ku masu sadaka ma ku kula. Ɓarayin nan sukan kwashe hoto da labarin ɗan gudun hijira na gaskiya su buɗe shafin neman taimako, kuɗin ya tafi aljihunsu. Kafin ka tura, tambayi wace ƙungiya ce ke riƙe da kuɗin, ka ji daga bakinta.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu da ke Minawao a Kamaru, da Diffa, da waɗanda yaƙin Sudan ya koro zuwa Adre a Chadi. Don Allah mai ɗan'uwa a can ya karanta masa. Wanda kuma rikici ya raba da garinsu amma yana cikin ƙasarsa, kamar mazauna sansanonin Maiduguri, shirin bai ma shafe shi ba, don sai wanda ke wajen ƙasarsa ake ɗauka. Duk wanda ya zo masa da fom, ya kore shi.

Abokina ya kai rahoto ofishin UNHCR a Jakarta, saboda hoton katinsa yana hannun ɓarawon, kuma yana tsoron a yi amfani da shi a cuci wani. Yayarsa har yanzu bai iya gaya mata ba. Duk ranar Juma'a takan kira shi ta tambaya ko an sa ranar tafiya.