Wata uku ina amfani da VirtualBox a sabuwar laftof, ga abin da na gani

Da na sayi laftof ɗin nan, Core i5 ce, RAM 16GB, SSD 512GB, ta zo da Windows 11, niyyata in raba hadis ɗin (hard disk, inda ake ajiye fayiloli) gida biyu in sa Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, a gefen Windows, wato dual boot, har na nemo filash na zuba Ubuntu 24.04 da manhajar Rufus. Abin da ya tsayar da ni BitLocker ne, tsarin Windows da ke kulle fayilolin hadis, yawancin sabbin kwamfutocin yanzu suna zuwa da hadis a kulle, kana taɓa saitin but (yadda kwamfuta ke tashi) ko na tsaronsa, wato Secure Boot, kwamfutar tana iya tsayawa ta ce sai ka kawo makullin nan mai lamba 48, in ba ka adana shi ba kuma shi kenan fayilolinka. Sai na ce bari in fara gwada VirtualBox tukuna, manhajar da ke kunna Ubuntu a cikin taga a kan Windows kamar wata kwamfuta daban (ita ake kira VM), tunda kyauta ce.

Gaskiya ta burge ni. Na ba Ubuntu RAM 6GB da core biyu, na sa Guest Additions (ƙarin manhajar VirtualBox da ake sawa a cikin Ubuntu ɗin), allo ya cika, kwafi daga Windows in liƙa a Linux ba matsala, ina kallon darasi a gefe ina buga umarni a taminal (tagar rubuta umarni) a ɗaya gefen, ba sai na kashe na kunna ba. Amma abin da ya fi komai a wajena snapshot ne, wallahi ga mai koyo babu kamarsa, kafin ka yi wani gwaji mai haɗari ka ɗauki hoton yadda VM ɗin take, in ka lalata komai ka danna ka koma kamar ba a yi ba, cikin minti ɗaya. A dual boot in abu ya ɓaci sai ka zauna gyara, ko ma ka sake sawa daga farko.

Sai dai a kula, in ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox to Hyper-V, tsarin VM na Windows kanta, na kunne ne, shi ya sa take jan ƙafa, kuma a leƙa BIOS (saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi) a tabbatar VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba VM damar aiki, a kunne yake. Tana kuma shan batir, tsarin biyu ne ke aiki lokaci guda, ranar da babu wuta ina ji a jikina.

Ƙanena tasa RAM 8GB ce, a wajensa kam dual boot ya fi, don Windows 11 kaɗai ta cinye kusan rabi, me ya rage wa Linux? Da muka sa masa sai da muka kashe Fast Startup (saitin saurin tashin Windows) kafin Ubuntu ta iya rubutu a ɓangaren Windows, sannan agogo ya riƙa zamewa da awa ɗaya duk sanda ya sauya tsakanin Ubuntu da Windows, saboda Linux da UTC (agogon duniya) take lissafi mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya, umarni ɗaya na timedatectl ya gyara.

Masu son Kali (wani nau'in Linux na gwajin tsaro) don gwajin wayales su sani VM ba ta ganin katin wifi na cikin laftof a matsayin wifi, sai ka sayi na USB ka haɗa mata. Haka mai aikin da ke buƙatar katin girafik sosai, dual boot zai yi. Ni dai filash ɗin yana nan a jaka, har yau ban buƙace shi ba.