Gandun Dajin Tabkin Nakuru da yara: karkanda ta biya kuɗinmu, tsuntsaye kuwa sai haƙuri

Duk mai niyyar kai yara Nakuru, a ƙasar Kenya, saboda hoton nan na tabkin da tsuntsayen filamingo, masu dogayen ƙafafu da launin ja-ja, suka rufe shi ruf, kada ya yi musu alkawari tun daga gida. Yawancin hotunan tsofaffi ne. Tun bayan shekarar 2010 ruwan tabkin yake ƙaruwa, a 2020 ya yi cikar da ta fi ta baya, har tsohuwar babbar ƙofar gandun ta shige ruwa. Tabkin na ruwan kanwa ne, tsuntsayen kuma gansakukar da ke tsira a irin wannan ruwa suke ci. Da ruwan daɗi ya yi yawa sai kanwar ta salance, abinci ya ragu, akasarinsu suka koma Tabkin Bogoria. Mun ga 'yan tsiraru can nesa, sai kwasakwasa birjik, da itatuwan da ruwa ya kashe suna tsaye ƙiƙam a cikin tabki. Autarmu ta ce, "Abba, ina jajayen?" Na miƙa mata madubin hangen nesa, ta duba, ta taɓe baki.

Duk da haka zan sake kai su, dalilina kuwa girman wurin. Murabba'in kilomita 188 ne kawai, an kewaye shi da wayar lantarki, ga garin Nakuru a gefensa. Yaro ba ya jure awa uku a mota yana kallon ciyawa ana ce masa "yanzu za mu ga zaki". A nan kuwa ba ka minti goma sai ka ga wani abu: jakunan dawa, barewa, gadu da wutsiya a tsaye, garken ɓauna kwance a bakin ruwa suna harararka.

Karkanda ce ta gama da mu. Tun shekarun 1980 aka mai da gandun mafakarta saboda mafarauta masu neman ƙahonta, kuma akwai iri biyu, wadda ake kira fara da wadda ake kira baƙa. A filin kudancin tabki muka tarar da fara da ɗanta, kusa ƙwarai, har muna jin ƙarar tsinkar ciyawa a faffaɗan bakinta. Busasshen taɓo ya tsattsage a bayanta, wani ɗan tsuntsu yana yawo a gindin kunnenta yana tsince kaska. Babban yaronmu, wanda tun garin Naivasha da ke kan hanya yake rigima a ba shi waya, ya yi tsit. Uwarsu sai "Subhanallah" take ta yi. Raƙuman dawan wurin ma na dabam ne, irin Rothschild, daga gwiwa zuwa ƙasa fari fat kamar sun sa safa. A 1977 aka kawo su daga yammacin Kenya. Giwa babu, a gaya wa yara tun kafin su tambaya. Zaki da damisa akwai, amma mu ba mu yi rabo ba.

Daga Nairobi tafiyar kilomita 160 ce ko kusa da haka, sai dai hanyar manyan motocin kaya ce masu zuwa Yuganda, a ware mata awa uku. A tashi da zarar an idar da sallar asuba, a ɗauki rigunan sanyi, don wurin tudu ne kuma safiyarsa na cizo. Kuɗin shiga ta eCitizen, shafin intanet na gwamnatin Kenya, ake biya, ba a karɓar tsaba a ƙofa. Baƙo daga waje da dala ake yi masa lissafi, mai takardar zama a Kenya yana biyan ƙasa da haka, to a riƙo shaida. Tun Yunin 2020 an hana shiga gandayen ƙasar da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai a zuba a gora.

Abin da ya ɓata min rai direban da muka ɗauka haya ne. Waya na kunnensa yana jin inda abokansa suka ce an ga zaki, yana ta figar mota, alhali yara birai suke so su kalla. Sai da na ce, "Malam, mu ba sauri muke ba." Idan za a ɗauki direba, a yi wannan magana kafin a biya kafin alƙalami.

A wani tsauni da ake kira Baboon Cliff ana sauka daga mota, daga can kana ganin tabkin gaba ɗaya har da garin. Amma gwaggon biran wurin ba su san kunya ba. A gabanmu ɗaya ya leƙa tagar motar wasu ya suri ledar biskit ya haye dutse. Mu can wajen magangarar ruwa ta Makalia muka buɗe kular shinkafa da dambun nama, muka shimfiɗa darduma muka yi azahar. Magangarar kanta da rani ba wani abin a zo a gani ba ce.

Ga yaran da suka kai shekara biyar, yini ɗaya ya wadatar. Jariri kuwa ƙura da girgizar hanya za su wahalar da shi. Da ƙarfe uku muka fito, don kada duhu ya same mu a hawan tudun Limuru, kan hanyar komawa Nairobi, tsakanin tireloli.