FamilySearch: na gwada shi wajen neman salsalar mutanen Wales

Jama'a ga wanda ke neman asalin wani gida a ƙasar waje, manhajar FamilySearch ta cancanci a gwada ta, kuma kyauta ce, ko sisi ba a biya sai dai data. Cocin Mormon ne ke da ita, cibiyarsu na Salt Lake City a Amurka, amma ba ruwansu da addininka, imel kawai za ka sa ka yi rajista.

Ni abin da ya kai ni, matar yayana Ba'amurkiya ce, suna nan Agege tare da mu, yaranta sun san salsalar ubansu har Katsina amma ta wajen uwa shiru, abin da ta sani kawai kakanninta 'yan Wales ne, wani yanki na Birtaniya, da suka sauka Pennsylvania tun Amurka na hannun Turawan Ingila. Abin yana damunta sosai, ni ma ya dame ni, shi ne na ce Anti bari mu duba.

Daga yanzu komawa baya zuwa 1850 aikin kamar wasa, don ƙidayar Amurka daga shekarar tana kawo sunan kowa a gida da shekarunsa da inda aka haife shi, ka danna ka ga hoton takardar da rubutun hannu. Wanda ya fi wannan tsufa kuma sai haƙuri, ta 1790 sunan maigida kaɗai ta rubuta, mata da yara lissafi ne kawai.

Inda aikin yake shi ne sunaye. Mutanen Wales a da ba su da sunan gida tsayayye, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane haka suke yi da "ap", to sai ka ga Evan ap John ya haifi Hugh, a rubuta shi Hugh ap Evan ko Hugh Evans, uba da ɗa da jika kowa da sunansa daban alhali gida ɗaya ne. Powell daga ap Hywel ya fito, Price daga ap Rhys, Bowen daga ab Owen. Don haka in ka buga John Evans a akwatin nema wallahi ɗaruruwa za su zubo maka. Abin da ke raba su sunan ƙauye ne ko sunan gona, ba sunan mutum ba.

Sa'ar da muka yi mutanenta 'yan ɗariƙar Quaker ne ta Kirista, cikin waɗanda suka gudo saboda tsangwamar addini. A 1681 suka yi cinikin fili da William Penn, Baturen da ya kafa Pennsylvania, wajen eka 40,000 da ake kira Welsh Tract, suka fara isowa 1682 suka kafa garuruwan Merion da Haverford da Radnor. Su Quaker akwai rubuta komai, haihuwa, aure, mutuwa, har takardar shaida da mutum ke tahowa da ita daga majalisarsu ta Wales, kuma ita ce ke faɗa maka garin da ya baro. A kula da kwanan wata fa, kafin 1752 Maris ne watan farko a wajensu, in ka ga "wata na 2" Afrilu ake nufi ba Fabrairu ba.

Gargaɗina ɗaya, bishiyar dangin da ke shafin ta kowa da kowa ce, duk mai rajista zai iya gyarawa, wasu masu gaggawa sai su liƙa kakansu jikin wani sarkin Wales ba hujja. Duk sunan da ba a jingina masa takarda ba kar ka ɗauka. Wasu hotunan kuma a kulle suke, sai a cibiyoyinsu ake buɗewa. Sannan a waya tsohon rubutun nan yana wahalar da ido, ku nemi kwamfuta.

In ka samu sunan garin, koma shafin babban ɗakin karatu na Wales da ke Aberystwyth, sun ɗora wasiyyoyin da aka yi kafin 1858 kyauta. Mu dai mun tsaya a yankin Bala, wani gari a arewacin Wales, yanzu wasiyyoyin can muke bi ɗaya bayan ɗaya ni da Anti duk daren da aka kawo wuta.