Tocilar aikin sintiri: wacce za ta jure daren Kano?

Ɗan sanda ne kai, ko ɗan Hisba, ko ɗan sintirin unguwa, ka san yadda lungunan cikin gari suke idan an ɗauke wuta. A nan tocila makami ce, kuma ranar da ta mutu a hannunka kai ne a fili.

Ni tocilar Fenix PD36R nake ba kowa shawara. Jikinta alminiyam ne, haskenta ya kai lumen 1600 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske), batirinta 21700 ne (lambar girman batir ce) mai 5000mAh (ma'aunin cajin da yake ɗauka), kuma ana cire shi a sa wani. Da USB-C take caji, cajar wayarka ma ta wadatar. Makunninta a gindi yake, babban yatsa kaɗai ke kunna ta, ɗaya hannun yana riƙe da sanda ko oba-oba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shaidar IP68: ƙurar hunturu ba ta shiga, ruwan Agusta ba ya shiga. Wata tocilar daban mai zuƙo haske ta taɓa ɗauke mini ana tsaka da ruwa, muna bin sawun ɓarayin waya, domin kan nan da ake ja gaba da baya shi ke zuƙar ruwa da ƙura. Amma fa kada ka bar Fenix ɗin a haske mafi ƙarfi. Tana zafi ta rage da kanta. Matsakaici shi ke kai mutum asuba.

A sauran tociloli, SureFire ta Amurka ƙarko gare ta, sai dai kuɗinta da batirinta na CR123A za su gajiyar da kai. Maglite nauyi gare ta. Yawancin Olight da cajarsu ta maganaɗisu suke zuwa, in ta ɓata ka shiga uku.

Sai batun jabu, wanda shi ne ciwon. Za a miƙo maka kwali an rubuta lumen 100,000, kuɗin kuma bai kai na buhun gawayi ba. Ƙarya ce. Batirin 18650 (ƙanen 21700 a girma) na gaskiya ba ya wuce 3500mAh da yawa, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 9900mAh ajiye shi. Ɗauke shi a tafin hannu: na ƙwarai ya kai giram 45, jabu kuwa sakayau za ka ji shi. Kwance gindin tocilar ka duba zoben roba da ke tare ruwa, ka ga ko zaren murfin yana tafiya sumul ko yana ƙara. Ko a Sabon Gari ko a intanet, kada ka yarda da "Oga, wallahi orijina ce". Ka ce a kunna ta minti goma a gabanka, a rubuta maka rasit mai sunan shago, sannan ka sayi batir na biyu tun a wurin.