Jadawali biyu a shafi ɗaya: a ɗora ɗaya ƙasan ɗaya, ko a jera su gefe da gefe?

Malam, ka ce kai ke riƙe lissafin sito na baffanka a nan Maradi, kuma da VBA, wato yaren rubuta umarni (kod) na cikin Excel, kake sa shi ya ɗauko jadawali biyu daga ma'ajiyar bayanai: na buhunan gero da wake da suka shigo, da na masu bashi. Kana tambaya ko na biyun ya zauna ƙasan na farko ko a gefensa.

Ɗorawa ta fi kyan gani, kuma ta fi daɗin bugawa a takardar A4. Amma jadawalin da ke haɗe da bayanai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau layi 30 ne, kaka na shigowa ya zama 300. Duk sanda ka sabunta, Excel zai so ya tura abin da ke ƙasa don ya sami wuri. In na ƙasa bai fi na sama faɗi ba, sai ya tura shi lafiya lau. In kuwa na bashi da ke ƙasa ginshiƙi (column) 7 ne, na hatsi 5, to ba zai yarda ya ja rabin jadawali ya bar rabi ba, sai ya ƙi, kod ɗinka ya tsaya cak. Ga kuma faɗin ginshiƙi da suke rabawa: ka buɗe wa sunayen mutane wuri, gurbin kwanan wata na sama ya yi faɗi fiye da kima.

A gefe babu wannan rigimar, kowa ya yi ta tsawo abinsa, shafi ɗaya na ɗaukar layi 1,048,576. Tarkon yana wurin tacewa (filter), don Excel layi gaba ɗaya yake ɓoyewa, daga wannan bango zuwa wancan. Na taɓa tace wake kawai, sai masu bashin da ke kan layukan gero suka ɓace daga allo. Mai kayan yana tsaye a bayana, ya dafa kujera ya ce, "To, wa ya yafe musu?"

Ni dai gefe nake zaɓa, da ginshiƙi ɗaya fanko a tsakani. In baffa mai yawan cewa a ware masa wannan a ware masa wancan ne, to ka ba kowane jadawali shafinsa, ka huta.

Ko wanne ka ɗauka, kar ka kafe adireshi irin A40 cikin kod. Sa na farko ya sabunta tukuna, sannan ka auna shi. Ginshiƙin da na biyu zai fara shi ne Range.Column na farkon, a haɗa da Range.Columns.Count, a ƙara 1. Wannan gurbin za ka miƙa wa Destination sa'ad da ka kira ListObjects.Add, umarnin da ke ƙirƙiro sabon jadawali. In ɗorawa ce, Row da Rows.Count ke yin aikin.

Ka kuma raɗa wa kowane shafi da jadawali suna da kanka. Kwamfutocinmu da yawa Excel ɗinsu na Faransanci ne, shi kuwa Feuil1 da Tableau1 yake sa wa sabon shafi da sabon jadawali. Kod ɗin da wani ɗan'uwa ya turo maka daga Katsina Sheet1 da Table1 zai nema, ya rasa, ya tsaya tun kafin a kai ga maganar wuri.