Ƙaiƙayin gaba bayan ɗaukewar haila: maganin matsi ko na haɗiya?

Iyayenmu mata a Tahoua, in ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kama da kindirmo suka dame su, wato alamun cutar fangas da likitoci ke kira kandida, magani biyu ake miƙo musu a farmasi.

Na matsi, clotrimazole, ana sa shi da dare kafin barci. Aikinsa a wurin ya tsaya, kaɗan ne ke shiga jini. Sai dai ƙwayarsa tana bukatar laima kafin ta narke, mace kuwa in haila ta ɗauke gabanta bushewa yake. Ga irinta, clotrimazole na shafawa ya fi.

Na haɗiya, fluconazole, ƙwaya ɗaya ce, miligiram 150, babu wahala. Amma nan nake jin tsoro. Yana ƙara ƙarfin wasu magungunan ciwon suga da na tsinka jini, kuma suga ɗin kan janyo wannan cuta bayan ɗaukewar haila. Hajiya, in kina shan su, ki faɗa wa likita tukuna.

Ni na fi karkata ga clotrimazole, na matsi ko na shafawa, bayan likita ya duba. Sau da yawa ƙaiƙayin na bushewa ne saboda raguwar sinadarin jikin mata mai suna estirojin, wanda duk biyun ba sa warkarwa.